Yadi Ɗaya Ya Ishi Tagar Banɗaki

Bayan bikin ɗiyar ƙanena da kamar wata biyu na je ganin ɗakinta. Ranar jere ciwon ƙafa ya hana ni zuwa, don haka sai da hayaniya ta lafa na shirya na tafi ni kaɗai. Falo masha Allah. Labule hawa biyu, mai kauri a gaba, shara-shara a baya, an ɗaure su gefe da gefe da igiyoyi masu tuntu. Na san abin da iyayenta suka sha kafin su haɗa wannan kaya, domin da ni aka yi ta lissafin. Muka gaisa, muka ci abinci, la'asar ta yi na ce ta nuna mini inda zan kama ruwa. Ina shiga na ɗaga kai, sai ga kwalin taliya an yaga an cusa tsakanin ƙarafan taga. Gefensa ɗaya ya jiƙe ya yi laushi, har ya fara baƙi-baƙi. Rana ba ta faɗi ba amma wurin duhu, iska ba ta shiga, warin danshi ya riga ya zauna a gidan da fentinsa bai gama bushewa ba.

Da na fito na ce, "'Yar nan, me ya sami tagar can?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, kuɗin ne suka ƙare a falo da uwar ɗaka. Maigida ya ce idan an yi albashi zai kira mai labule ya auna."

Ban yi mata faɗa ba, don laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Haka muka bari zamani ya tashe ku: duk abin da za a sa a gida sai an kira mai yi an biya shi, in babu kuɗin kiransa a zauna da kwali. Tun daga ranar idona ya buɗe a kan abin, na riƙa ganinsa a ɗakunan amare, da gidajen hayar ɗalibai, da shagunan samari. Wani baƙar leda yake liƙawa, wani tsohuwar jarida, wata ta maƙala ɗankwalin da ta gaji da shi a kan ƙusa ɗaya. Shi ya sa nake rubuta muku wannan, 'ya'yana mata da maza. Tagar banɗaki ita ce auta a tagogin gida. Yadi ɗaya ya ishe ta, kuma hannunku ya isa ya yi mata labulen da za ku ji daɗin kallonsa, ko da ba ku taɓa zama a kan keken ɗinki ba.

Na san abin da wasunku za su ce: araha ba ta ado. A kasuwa maganar gaskiya ce, domin mai saye ba shi da abin da zai ƙara wa kaya sai kuɗinsa, in ya biya kaɗan ya ɗauki kaɗan. Wanda ya zauna da allura kuwa yana zuba abin da ba a lissafa shi cikin farashi: awo daidai, zaɓen launi, haƙurin jan layi a miƙe. Kakanninmu da suka bar mana wannan karin magana su ne dai suka yanko siraran karare a daji, suka jera su, suka saƙe da zare, suka rataya asabari a ƙofar ɗaki. Ba su kashe komai ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a bayan asabari da rana ya san aikinsa. Na ciki yana ganin tsakar gida, na waje ba ya ganin na ciki, iska kuma tana wucewa abinta. Abin da muke nema a tagar banɗaki ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ku tsaya ku duba yadda muka zo nan. Makewayin gidan da na tashi ba shi da taga, don ba shi da rufi. Katanga ce ta kewaye shi, sama a buɗe. In an yi wanka da safe, kafin hantsi ya ɗaga rana ta busar da wurin ƙarƙaf, iska ta kwashe wari. Da muka shigo da banɗaki cikin ɗaki, muka rufe samansa, muka liƙa masa tayil, mun samu sauƙi da sirri, amma mun kori rana da iska, waɗanda su ne masu sharar da ba a biyansu. Abin da ya rage musu na hanyar shiga shi ne wannan 'yar taga. Duk wanda ya toshe ta da kwali ko leda ya rufe ƙofar ƙarshe. Tururin ruwan zafi ba shi da mafita, sai ya kwanta a bango da silin, fumfuna ta fito a lungunan tayil, fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, tawul ya kwana bai bushe ba. A watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsaka, kwana kaɗan ake yi a ga wannan. Saboda haka labulen banɗaki yana da wuyar sha'ani fiye da na falo, duk da ƙanƙantarsa: dole ya tare ido, kuma dole ya bar iska da haske su wuce.

Maganar tare ido ita ce na koya da kunya, kuma gara ku ji daga bakina da ku koya yadda na koya. Farkon aurena a gidan haya muka zauna, tagar bayinmu tana kallon wani lungu. Ina da wani mayafi shara-shara ruwan ganye da na daina yafawa, na ninka shi na rataya. Da rana abin gwanin sha'awa, haske yana ratsowa kore-kore, in ka tsaya a lungun ba ka ganin komai. Wata safiya wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama. Muka gaisa, ta tambayi maigida, ta tambayi mutanen gidanmu, ta yi zancen tsadar gero, sai da ta miƙe za ta tafi sannan ta rage murya ta ce, "'Yata, in kin kunna fitilar bayi da dare, ki riƙa tuna hanya ce a bayanki." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Allah Ya jiƙan wannan baiwar Allah, ta rufa mini asiri ta hanyar da ba ta tozarta ni ba. Kafin magariba na sauke mayafin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ido yana ganin ɓangaren da ya fi haske. Da rana waje ne ke da haske, sai yadi mai shara-shara ya zama katanga ga na waje. Da dare in kun kunna ƙwan lantarki, hasken ya koma ciki, sai wannan yadin ya zama tamkar babu, ko kuma ya zana inuwar mutum sarai. Gilashi mai hazo-hazo da ake sa wa tagogin banɗaki shi ma haka yake: yana ɓoye kamanni, amma yana nuna siffa idan aka matso kusa da shi.

Don haka kafin ku taɓa almakashi, ku fita waje ku kalli tagarku daga inda mutane suke. In tana sama kusa da silin kuma ba wani gini mai tsawo kusa, mai wucewa silin kawai zai gani, kuna iya rufe kashi biyu cikin uku na ƙasa ku bar saman a buɗe, iska ta samu hanya mai faɗi. Amma unguwanninmu sun canza. Inda da gidan ƙasa ne a maƙwabta, yau bene ne mai hawa biyu, kuma wanda ke tsaye a barandar sama yana leƙen cikin ɗakinku daga bisa. In haka ne sai a rufe tagar duka, a nemo wa iska hanya ta gefe, zan faɗa muku yadda ake yi. Masu masai irin mai bututun iska a bayansa, wanda aka fara tsarawa a Zimbabwe a shekarun 1970, su ma su sani cewa ɗan duhu a ciki yana da amfani, domin ƙuda haske yake bi, sai ya hau bututun ya tarar da raga a samansa. Amma dabarar ba ta aiki sai iska tana shigowa ɗakin ta gangara ramin ta fita ta bututun. Labule ya rage haske, kada ya hana iska.

Sai yadi. Kafin ku je kasuwa ku buɗe akwatinku. Ragowar ankon da aka ɗinka aka bar guntu, zanin da tsakiyarsa ya koɗe amma gefensa yana nan garau, zanin gadon da ya yage a wuri ɗaya, duk waɗannan labule ne da ba a riga an ɗinka ba. In babu, telan unguwarku yana da buhun ƙyallaye a ƙarƙashin teburinsa. Ku gaishe shi da ladabi ku tambaya, ku ba shi ɗan abin shan ruwa ko da ya ce ku bar shi, kuma kada ku je masa ana saura mako guda Sallah. Mutanen Kano suna da Ƙofar Wambai, inda 'yan gwanjo ke zube labulaye da zannuwan gado, sau da yawa babban labule ɗaya mai ɗan tabo a gefe zai fitar da na banɗaki uku. A Kantin Kwari kuma ba dole sai kun sayi turmi mai yadi 6 ba. Ku nemi masu yankan yadi, ku tambayi guntun da ya rage a ƙarshen bandir, shi ne suka fi sakin farashinsa.

Ga wani abu da zai ba ku mamaki. Atamfar nan mai arha da ake kira roba, wadda muke gudu don tana riƙe zafi a jiki, a banɗaki ta fi mai tsada amfani. Zaren roba ba ya shan ruwa sosai, yana bushewa da wuri, ba ya motsewa in an wanke, fumfuna kuma ba ta cinsa kamar yadda take cin auduga. Auduga ta fi kyan zuba da taushi, ita ce kuma ke karɓar rini, amma tana riƙe danshi, sai an riƙa kula da ita. In kuna so ku gane wanne ne a hannunku, ku zare sili biyu ko uku daga bakin yadin, ku fita tsakar gida, ku kusanta su da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, warinta na takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take yi, ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Ni dai har yau ina da rauni a kan akoko, farin yadin nan marar wanki mai ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, irin wanda masaƙar farko ta Kakuri a Kaduna ta riƙa fitarwa bayan buɗe ta a 1957. Mun raina shi don shi ne yadin talaka, alhali haske yana ratsa shi da laushi kamar na sassafe, kuma duk adon da aka ɗora masa yana karɓa.

Abin da za ku guje wa shi ne mai nauyi irin karan-miski da labulen falo mai shafi biyu, don in ya jiƙe sai ya yi kwanaki. Ku guji baƙi da duk launi mai duhu ƙwarai, yana cinye ɗan hasken da ke akwai, kuma sauro yana son laɓewa a jikin tufa mai duhu a wuri mai danshi. A gaban mai yadi ku ɗaga shi sama ku sa tafin hannu a bayansa ta wajen rana. In kuna iya ƙirga yatsunku, shi kaɗai ba zai yi ba sai da shafi. Ku jiƙa ɗan farin ƙyalle ku goga a kusurwa, in launi ya biyo ƙyallen to yana zuba, zai ɓata muku bango.

Akwai kuma abin da na fi so ku riƙe fiye da duk waɗannan. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin yadi kafin ku kai shi banɗaki. Atamfofin taro da na siyasa da na maulidi suna zuwa da rubutu, wasu da sunan Allah, wasu da sunayen mutane irin su Abdullahi da Abdurrahman waɗanda sunan Allah ke cikinsu, wasu da hoton masallaci. Malamanmu sun koya mana cewa ba a shiga da irin wannan wurin biyan buƙata, balle a rataya shi ya zauna. Ko hoton mutum ne kawai, ba mutunci ba ne a kafa fuskar wani a can. Fure, ganye, ratsi, ɗigo-ɗigo, waɗannan sun wadatar.

Da kun samu yadi, ku wanke shi ku shanya ku goge kafin ku auna. Auduga tana shiga a wankin farko, akoko ya fi kowa, wanda ya ɗinka kafin ya wanke zai ga labulensa ya ɗage ya bar ƙasan taga a buɗe. Shi ya sa in sabo za ku saya, ku ce a yanka muku yadi ɗaya da kwata.

Ga lissafin, ku bi ni a hankali. Yawancin tagogin banɗaki a gidajen yanzu ƙafa biyu ne faɗi, ƙafa biyu tsawo, wato inci 24 kowane gefe. Labule ba ya tsayawa daidai bakin taga, sai ya zarce da inci 3 dama, inci 3 hagu, don kada a hango ta gefe. Faɗin da za a rufe ya zama inci 30 ke nan. In kuka yanka yadi inci 30 cif, zai tsaya a shimfiɗe kamar allo, ba kyau. Kyan labule yana cikin tattararsa, don haka ana ninka faɗin sau ɗaya da rabi, ya ba da inci 45. To, faɗin atamfa daga baki zuwa baki kusan inci 45 ne zuwa 48. Kun ga ba sai kun yi haɗi ba. Tsawo kuma: inci 24 na taga, da 3 a sama, da 3 a ƙasa, 30 ke nan. Ku ƙara inci 3 da rabi na naɗin sama, da inci 2 da rabi na naɗin ƙasa. Jimla inci 36, yadi ɗaya daidai wa daida. Abu ɗaya za ku duba: tunda faɗin atamfar ne zai kwanta a faɗin taga, zanen zai juya ba kamar yadda yake a ɗaurin zani ba. In zanen yana da sama da ƙasa, kamar tulu ko reshen fure, ku ɗaga ku gani kafin ku yanka, kada ya fito a kishingiɗe. In tagarku ta fi haka ko ba ta kai ba, lissafin bai canza ba, lambobin ne kawai za su canza.

Ɗinkin kansa layi biyar ne miƙaƙƙu. Ku fara da gefe biyu: ku kalmasa inci ɗaya ciki, yadda rubutun kamfanin da ke bakin atamfa zai ɓuya, ku goge, ku ɗinke. Sai ƙasa: ku naɗe rabin inci, ku goge, ku sake naɗe inci 2, ku goge, ku ɗinke. Sai sama: rabin inci, sannan inci 3, ku ɗinke a gindin naɗin. Daga nan ku auno inci ɗaya daga can ƙoli, ku ja layi da alli ko guntun sabulu, ku bi shi da ɗinki. Tsakanin layukan nan biyu shi ne hanyar da sanda za ta bi, inci ɗayan da ya rage a sama kuma shi ne zai tashi ya yi tattara kamar bakin fure idan aka tura labulen. Kada ku raina guga. Duk naɗin da aka kwantar da dutsen guga kafin allura ta taɓa shi ba ya karkacewa, sai dai in roba ce a rage zafi, ko a ɗora wani ƙyalle a kai.

Wanda ba shi da keke kada ya ce ya samu uzuri. Allura da zaren roba sun isa, zaren roba don ba ya ruɓewa a danshi. Kada zaren ya wuce kamu biyu, in ya yi tsawo harɗewa yake yi. Ku soka allura ku fito gaba kaɗan, ku koma ramin da kuka baro ku sake fitowa gaba, haka haka, wannan ɗinkin da ke komawa baya ƙarfinsa kusan na keke ne. Yamma biyu kuna hira kun gama. Layin farko zai yi ɗan karkace, na biyu zai fi shi, kuma da gangan na ce ku fara da gefe, domin gefe yana ɓuya cikin tattara, kafin ku iso sama inda ido ke sauka hannunku ya faɗa. Ku bar bakin naɗin ƙasa a buɗe ta kusurwa, ku jefa tsakuwa mai santsi ɗaya a kowane gefe sannan ku rufe, don kada iska ta ɗaga labulen a lokacin da ba a so. Ban da kwabbai ko wani ƙarfe, tsatsa za su yi su ɓata yadin.

Ku samarina, na san wasunku sun fara zamewa tun da aka ambaci allura. Ku shiga kowace kasuwa a ƙasar Hausa ku ƙirga masu zama a kan keke, yawancinsu maza ne. Aska takwas da ke ƙirjin babbar rigar sarki, da hannu namiji ya zauna ya ɗinka ta watanni. Hular da kuke karyawa ranar Juma'a ma allura ce ta yi ta. Saurayin da ke kwana a shago shi kaɗai ya fi kowa buƙatar ya iya wannan, kuma abin da ya koya a kan labule shi zai yi masa amfani ranar da wandonsa ya ɓarke da dare, tela ya tashi.

Wajen ratayewa, ƙarfe abokin gabar banɗaki ne. Abin da na fi yarda da shi shi ne farin bututun roba da masu aikin wuta ke zura waya a ciki. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma duk mai gyaran wuta yana da guntayensa, inci 32 kuke buƙata. Siririyar gora da aka kankare ta yi santsi ita ma tana yi. Ku kafa doguwar ƙusar kankare ɗaya kowane gefe, inci 2 sama da bakin taga, ku ɗaure sandar a wajen kan ƙusar, yadda labulen zai ɗan janye daga bango da kamar yatsu biyu zuwa uku. Wannan ɗan tazarar ita ce hanyar iskar da na yi muku alkawari: tana shiga ta gefe da ƙasa, ido kuma ba ya iya lanƙwasa ya bi ta. Tana kuma ba gilasan luba damar buɗewa ba tare da sun kama yadin ba. Kada ku buga ƙusa a fuskar tayil, tsagewa zai yi, kuma kada ku buga a saitin makunnin wuta ko saitin famfo, domin waya da bututun ruwa a nan suke bi cikin bango. Masu haya da ba sa son magana da mai gida, ku ɗaure sandar a jikin ƙarafan taga da igiyar roba, ranar tashi ku kwance abinku ku tafi da shi. Labulen ya yi nesa da ƙwan fitila da kyandir da na'urar dafa ruwa. Roba ba ta jiran harshen wuta, zafi kaɗai yana narkar da ita.

Yanzu mun zo wurin da na fi so, wato ado. Shawarata ɗaya ce: ku zaɓi ado guda ku tsaya a kansa. Taga ƙarama ce, in aka tara mata leshi da duwatsu da geza da fure sai ta rikice. In yadinku atamfa ce mai zane, ta riga ta yi wa kanta kwalliya, siririn farin baki a ƙasa ya ishe ta. In fari ne ko akoko, nan ne hannu ke samun fili. Ku yanko ratsin atamfa mai faɗin inci 4 ku kwantar da shi a ƙasa, ku zaɓi wadda launinta ya yi magana da tayil ko da bokitin wankanku. Ko ku yanke furanni uku daga guntun atamfa, ku kalmashe bakinsu, ku ɗinka su a jere. Akoko yana ba da geza kyauta: a bar ƙasan ba naɗi, a ja layin ɗinki ɗaya a sama da baki da inci 2, a zare zaren kwance ɗaya bayan ɗaya har a iso layin, a ƙulla na tsaye biyar-biyar. Wadda ta iya kwarashi ta bi bakin da saƙa siririya, wadda ta iya surfani ta zauna ta fitar da dagi ɗaya a tsakiya. Ku bar gam da ƙyalƙyali masu ƙarfe, tururi yana ɓamɓare na farko, yana sa na biyu tsatsa.

Wanda kuma yake so ya yi abin da ba wanda ke da irinsa, ya tuna cewa mu masu rini ne tun kafin a san atamfa. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma har yau karofinta baba ne da toka da kanwa. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar rinannun tufafin garin suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Zanen da kuke gani a jikin waɗannan yaduka, yawancinsa mata ne ke ƙulla shi a cikin gida kafin a kai wa marina. Ku ma za ku iya. Ku ɗauki tsiri na akoko wankakke, ku sa ƙaramar tsakuwa a ƙarƙashinsa, ku tattaro yadin ku ɗaure wuyanta da zare tamau, ku yi haka a jere tazarar yatsu huɗu-huɗu. Ku kai marina a tsoma muku. In kun samu dama ku tsaya ku kalla, yadin yana fitowa daga karofi kore-kore, iska tana bugunsa yana juyewa shuɗi a gaban idonku. In ya bushe kuka kwance zaren, kowace tsakuwa ta bar farin zobe kamar wata. Shuni auduga yake kamawa, ba ya kama roba, kuma sabon rini yana ɗan zuba, sai an ɗauraye shi shi kaɗai sau da yawa har ruwan ya fita fari. Kada ku rina labulen duka, zai yi duhu. Ratsi ɗaya na shuɗi a gindin farin akoko, shi ne labulen da ke tagar banɗakina yau, kuma baƙi sun fi tambayata shi fiye da na falo.

Tunda kowane labule yadi ɗaya ne kawai, ku yi biyu. Labulen banɗaki yana son wanki duk mako biyu, da damina saboda danshi, da hunturu saboda ƙurar da yake tarewa, in ɗaya yana kan igiya ɗaya yana kan taga. Ku shanya a rana sosai, mai launi ku juya bayansa don kada ya koɗe. Bayan wanka ku ja labulen gefe na ɗan lokaci in ba kowa a ciki, tururi ya fita. In kun ga ɗigon baƙi ya fara fitowa a farin yadi, ruwan bilic kaɗan cikin ruwa mai yawa yana kashe shi, amma ban da mai launi da mai shuni, zai cinye launin. Kuma ina roƙonku, kada ku taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai a bokiti ɗaya ko a ƙasa ɗaya. Haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma a ɗan ɗaki irin wannan ba ta da wurin tafiya sai ƙirjin mai wankin.

Ranar da kuka rataya, kada ku ce an gama sai dare ya yi. Bayan isha'i ku kunna fitilar banɗakin, ku sa ƙaninku ko ƙanwarku ta shiga da kayanta a jiki ta tsaya inda ake tsayawa wanka, ta ɗaga hannu ta motsa. Ku kuma ku zagaya lungu, ku tsaya nesa, ku matso kusa, ku duba ta dama da ta hagu. In akwai bene a maƙwabta kuma kuna da fuska a gidan, ku nemi izini ku hau ku duba daga can. In haske kawai kuka gani, to madalla. In kuka ga inuwar hannu tana motsi, ku sauke labulen, ku yanko farin tsohon zanin gado daidai girmansa, ku haɗa su a layin sama kawai, ku bar gefe da ƙasa a sake don iska ta riƙa shiga tsakaninsu su bushe. Gobe da dare ku sake fita ku duba.